Maganar Beli

Gidan Malam Lado, Gwangwan, Rogo
Lahadi, 11 ga Agusta

Zuwa ga Sista Tasalla, ɗakin haihuwa, Karaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da aiki. Ki yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba ki san ni ba. Sau uku ina yaga takardar kafin wannan. Sunana Radiya Abdulmutalib, 'yar aji biyar a sakandaren 'yan mata. Ina layin ƙarshe ranar da kika zo makarantarmu da 'yar tsana kika yi mana bayanin jarirai. Kin ce mai tambaya ta ɗaga hannu, ban ɗaga ba. Amma na rubuta duk abin da kika faɗa, shafi shida.

Yayata Bahijja tana aure a nan Gwangwan. Cikinta na fari ne, an shirya ta koma gidanmu a Kurugu ta haihu, shi ya sa Babanmu ya aiko ni da aka yi hutu in taya ta haɗa kaya. Mahaifiyarmu ta rasu tun ina firamare. Ba mu kai ga tafiyar ba. Ranar Juma'a da hantsi naƙuda ta zo mata, wata bakwai da 'yan kwanaki, ta haifi namiji a ɗakinta.

Sista, na duba shi yadda kika koya mana. Na naɗe kunnensa, ya tsaya a naɗe. Tafin ƙafarsa sumul ne, layi ɗaya tak can wajen yatsu. Babu sikeli a gidan, don haka na auna ƙafar da rular lissafina ta katako: santimita bakwai ba kaɗan. Kin ce in ba ta kai takwas ba a kai yaro asibiti. Idan na sa masa yatsa a tafin hannu yana riƙewa, amma riƙon ba ƙarfi. Idan an buga ƙofa yana ɗan ware hannuwa. Abin da ya fi damuna shi ne ba ya kama nono. Ana sa masa a baki sai ya yi shiru da shi kamar an ba shi ajiya.

Na ce a kai shi asibiti. Wato ban faɗa da ƙarfi ba, Yaya Yusha'u na gaya wa, mijin Bahijja, a zaure. Ya ce, "To Radiya, Allah ya kyauta," ya saɓi fartanya ya tafi gonar gyaɗa. Wai ɗan fari ne, kunya ba za ta bari ya nuna ya damu ba. Bahijja ma haka. In akwai mutane a ɗakin ko kallonsa ba ta yi, sai sun fita ta jawo shi tana kuka. Ni ban ce kunya ba ta da kyau ba, ni kaina an ce ta yi mini yawa. Amma yaron bai san shi ɗan fari ba ne, yunwa kawai yake ji!

Inna Ikilima, surukar Bahijja, ta sa an matse dakashi, nonon farko, an zubar a bayan ɗaki, wai yana sa zawo. Ke kuwa kin ce shi ne rigakafin farko. Tun daga ranar nake sa Bahijja ta tatsa a ɗan kofin shayi, ina ɗiga masa da cokali idan Inna ta tafi dafa ruwan wankan jego. Yana haɗiyewa. Sannan sau biyu a rana ake yi masa wanka, ga damina, a ɗauko shi jikinsa sanyi kamar randa.

Yau kuma na ji sabon abu. Baba Lado, mahaifin Yaya Yusha'u, shi ne mai gidan, kuma wanzami ne. Ya leƙo ya tambayi Inna ko yaron ya kama nono, ta ce a'a. Sai ya ce, "Ai na gaya miki maganar Beli ce. Ba zan jira ranar suna ba, ranar Alhamis za a yi ta a gama." Inna 'yar Beli ce, can danginta suke, ina jin akwai wani mai magani da za su kai masa yaron. Sista, kin san hanyar Beli da damina? A kan babur? In har za a iya kai shi Beli, me ya hana a kai shi Karaye?

Waya ɗaya ce a gidan, ta Yaya Yusha'u, ba zan iya aronta in kai ƙarar gidansu a gabansa ba. Malam Sulle direba, mai zuwa Karaye kullum da safe, ya ce ya san ki, zai miƙa miki ya kuma dawo da amsa in akwai. Don Allah ki gaya mini abin da zan yi.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki, Radiya

*

Karaye
Litinin, 12 ga Agusta

Radiya 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi wa Bahijja barka da sauka. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban tuna fuskarki ba, kun fi ɗari biyu a ranar. Amma wadda ta auna ƙafar jariri da rula na san ta yanzu.

Ki zauna kafin ki karanta sauran. Ba garin Beli ake nufi ba. Belin maƙogwaro ne, wanda wasu ke kira hakin wuya, ɗan naman nan da ke reto a can cikin baki. Wanzami ya ce maganar beli ce, ke kuma kina ta lissafin hanya da babur! Na yi dariya, sai dariyar ta tsaya mini. Aska za a sa wa yaron nan a baki ranar Alhamis.

Ba belinsa ne ya hana shi tsotso ba. Tsotso ba ya nuna sai ciki ya doshi wata takwas, shi kuwa ya riga lokacinsa fitowa. Zai iya, kwanaki ne kawai. Jinin jikinsa gaba ɗaya bai cika kofin shayin da kike ba shi nono a ciki ba. Cokali uku ya zuba, mun rasa shi. In bai zuba ba, ciwon da zai shiga wurin ya isa. Shekara ashirin da shida ina wanke ɓarnar wanzamai, masu aska ɗaya gari guda, wadda ba ta ga ruwan zafi ba tun zamanin kakanninsu.

Ga aikinki. A daina wankan, a riƙa goge shi da tsumma mai ɗumi. A tuɓe shi, daga hula sai ƙyallen ɗuwawu, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗaure da zani, kansa a juye gefe don hanci ya sami iska. In uwar ta gaji, ke ki karɓa. Ki ci gaba da kofin nan duk bayan awa biyu, ko yana barci ki tashe shi. Ki ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, in ya haura sittin akwai matsala. Bakwaini kan manta da numfashi. In kin ga ya ɗauke, ki murza masa baya ko tafin ƙafa. Ki riƙa duba idonsa da dadashinsa a hasken rana, in sun yi rawaya shawara ce, kuma shawara a jikin bakwaini tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Duk wannan riƙon ƙwarya ne. Wurinsa asibiti ne, yau ba gobe ba. Da zan iya da na zo da kaina, amma abokiyar aikina tana hutun haihuwa, ni kaɗai ce a ɗakin nan, mata uku suna kwance.

Ki sami wanda maigidan ke jin maganarsa ya gaya masa. Kada ki bari Alhamis ta zo.

Taki, Tasalla

*

Gwangwan
Talata, 13 ga Agusta

Sista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, na gode da amsa. Na karanta ta a bayan rumbu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gidanmu hakin wuya muke cewa, kuma Babanmu bai bari an cire wa kowa ba. Tun ina shekara goma sha ɗaya nake makarantar kwana. Wallahi ban taɓa jin wannan sunan ba.

Na yi wani kuskuren kuma, wanda ya fi na farko. Ban iya tunkarar Baba Lado ba, don haka na ba Yaya Yusha'u wasiƙarki. Na ja layi da biro a gefen wurin da zai karanta, wurin tsotso da wurin jini kawai. Ya kai masa a zaure bayan la'asar, da abokansa biyu a zaune. Baba ya ce, "Takarda ai daga sama ake fara ta. Karanta duka." Ina bayan ƙofa ina leƙe ina ji.

Da ya zo wurin babur suka fashe da dariya, har ɗayan yana tari. Ya ce, "Lado, 'yar bokon taku za ta kai jikanka Beli a cire masa Rogo!" Da ya zo wurin aska ɗaya gari guda, sai aka tsayar da shi. Baba ya ce, "Maimaita." Ya maimaita. Abokan suka tashi suka ce za su duba gona.

Sista, ki gafarce ni, amma da ba ki rubuta wannan layin ba. Na san ni kika rubuto wa, na san laifina ne. Sai dai kafin layin nan Baba yana saurare, na ga ya ajiye carbinsa. Yanzu ba maganar yaron ake yi ba, maganar askarsa ake yi.

Tun jiya sunana a gidan nan Malama Beli. Har matan da ke zuwa barka sun ɗauka. Inna ta ce baƙuwar kwana goma ta kwashi sirrin gida ta kai wa 'yan asibiti. Wane sirri? Duk garin ya san yaron ba ya shan nono.

Na fara goyon ƙirjin. Bahijja tana yi in ba kowa, in ta ji sallama sai ta miƙo mini shi da sauri kamar ta sato shi, don haka yawancin yini a jikina yake. Inna ta ce, "A ina aka taɓa goyo ta gaba, sai ka ce biri?" Amma da ta taɓa ƙafarsa ta ji ɗumi, yau ba ta ɗora ruwan wankansa ba. Numfashinsa hamsin da takwas, da agogon bangon ɗakin Bahijja na ƙirga. Sau ɗaya ya ɗauke, na murza bayansa ya dawo. Idonsa ya fara rawaya. Na nuna wa Yaya Yusha'u, ya kalli katanga ya ce sai abin da Baba ya ce.

Baba ya ba da tasa wasiƙar a haɗa da tawa, a liƙe take, ban san abin da ke ciki ba. Saura kwana biyu.

Na bar ki lafiya.
Radiya

*

Daga Lado ɗan Bilya, wanzami ɗan wanzami, zuwa ga malamar asibiti.

Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa gwargwadon yadda ta kamata. Ɗana Yusha'u ne yake rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Malama, kin taɓa ganin zabirata? Kin taɓa buɗe ta? Aska bakwai ne a ciki, kowacce da aikinta. Da can ba na dafa su, ban ɓoye ba. Tun da aka tara mu aka yi mana bayani, ban sake taɓa ɗan kowa da ƙarfen da bai tafasa ba. Shekara arba'in da ɗaya ina wannan sana'a. Rabin mazan da ke yi miki sallama daga ɓangarenmu ni na yi musu kaciya. Kin zage ni a zaurena da bakin ɗana, ba ki ma san fuskata ba.

Kin ce kwanaki ne kawai, a jira. Na taɓa jira. Ɗana na fari bakwaini ne, shekara talatin da takwas ke nan. Shi ma bai kama nono ba. Mahaifina ya ce in cire masa beli a kwana na uku. Na dubi ƙanƙantarsa, tausayi ya kama ni, na ce a bari sai ranar suna. Da safiyar sunan, rago yana ɗaure, mutane sun fara taruwa, aka fito da shi a tabarma. Mahaifina bai ce mini komai ba har ya bar duniya. Da ma ya zage ni.

Yusha'u ya ajiye biro, na ce ya ɗauka. Bai san yana da wa ba sai yanzu.

To ki gaya mini, in na sake jira aka sake fito da tabarma, ke za ki zo ki tsaya a gaban mutane? Ke kina Karaye. Yarinyar da kika zuga za ta koma makarantarta. Ni ne zan zauna da shi.

Jikana ne. Ba zan kai ranar suna ba.

Wassalam.

*

Karaye
Laraba, 14 ga Agusta

Malam Lado,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka ta'aziyyar ɗanka, ko da ta makara da shekara talatin da takwas. Allah ya sa mai ceto ne.

Na yi laifi. Na yi wa zabirarka shaida ban gan ta ba. Ka yafe mini. Amma ban janye sauran ba, ko aska ta kwana tana tafasa ban yarda ta shiga bakin yaron nan ba.

Kai mutumin hannu ne, ba sai ka ɗauki maganata ba. Kun ce beli yana tare maƙogwaro, nono ya kasa wucewa. To gobe, kafin ka ɗauki ƙarfe, ka wanke hannu ka sa masa ƙaramin yatsanka a baki. Ka san yadda jariri mai cikakken wata yake ja, ka fi ni sani. Sannan ka sa Radiya ta ba shi nono a kofi, ka ɗora yatsa a wuyansa. In beli ya tare hanya, ta ina na kofin yake wucewa?

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ina juya shi. Ban ga ɗanka ba, Allah ne masanin ajali. Amma na ga ɗaruruwa irinsa. Sanyi ne yake kashe su, da yunwa, da shawara, da numfashin da ke ɗaukewa. Ban taɓa ganin wanda beli ya kashe ba. Tausayin da ka ji ba shi ya kashe shi ba. Ina jin shi ya ba ku kwana bakwai tare.

Ka tambaye ni ko zan tsaya a gaban mutane. Ba zan yi maka alkawarin rai ba, ba a hannuna yake ba. Ka kawo shi, zan tsaya a kansa da duk abin da na sani. Idonsa ya fara rawaya, wannan ba ta jira.

Tasalla

*

Kurugu
Juma'a, 16 ga Agusta

Sista,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Bahijja da yaron, tunda yanzu ke ce kusa da su ba ni ba. Kin ga ƙarshen abin, ba ki ga farkonsa ba, kuma na san a gidan babu mai ba ki labari.

An karanta wa Baba wasiƙarki ranar Laraba da yamma, shi da Yaya Yusha'u kawai, ni kuma ina bayan ƙofa ina saurare. Na ɗauka ya haƙura. Jiya da safe, ruwa ya ɗauke ke nan, sai na ga Inna ta ɗora ƙaramar tukunya, ya zuba ƙarafansa a ciki. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake. Bahijja tana bayan ɗaki ana yi mata wanka, ina jin da gangan aka zaɓi lokacin. Yaron yana ƙirjina.

Inna ta ce, "Kwanto shi."

Sista, tun ranar Talata nake haddace abin da zan faɗa, har da lambobi. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Na dai kama ƙullin zanin da hannu biyu.

Ta ce, "Ke Malama Beli, kurma ce ke? Ɗanki ne?"

Matan maƙwabta biyu sun shigo. Yaya Yusha'u yana tsaye a bakin zaure yana kallon ƙafarsa. Inna ta kama hannuna tana ɓamɓarewa. Sai na ji bakina ya ce, "Baba, ka fara wanke hannu."

Ɗaya daga cikin matan ta yi salati. Ni yatsan da kika ce nake nufi, wallahi shi kawai nake nufi. Amma yadda ta fito, kamar na maimaita zagin nan ne a tsakiyar gidansa. Sai Baba ya ce a kawo sabulu.

Bai ce in kwance shi ba. Ya matso ya zauna a gabana, ya sa ƙaramin yatsansa a bakin yaron yana jikina. Ya jira. Ya shafa masa kunci, ya sake sawa. Na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗaga masa leɓe ya dubi dadashin, ya juya shi wajen rana ya sake dubawa. Ya ce, "Ina kofin?" Na ba shi nonon a hankali, Baba ya ɗora yatsa a wuyansa. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya kai tara.

Nan ne yaron ya ɗauke numfashi. Bakinsa ya fara duhu. Inna ta sa kuka. Na murza bayansa, shiru. Na murza tafin ƙafa, na sake, sai ya ja iska ya yi ɗan kukansa irin na mage. Na ɗaga kai na ga Baba ya riƙe ɗaya ƙafar, shi ma yana murzawa. Ya ce, ba da ni yake ba, "Haka wancan ya riƙa yi."

Bahijja ta fito da jiƙaƙƙen zani, ganye a manne a kafaɗarta. A gaban surukinta da kowa ta kwance shi daga jikina ta ɗaura a nata, ta ce, "Ɗana ne, asibiti za ni." Tun da ta haihu ban ji ta ce ɗana ba. Baba ya ce wa Yaya Yusha'u, "Kai kuma tsayuwar me kake yi? Kira Sulle."

Na ɗauko hijabina zan bi su, Inna ta ce motar ta cika. Kujera biyu babu kowa, na gani da idona. Kafin su tashi Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Ki gaya wa malamarki ɗagawa na yi, ban fasa ba. In ya yi arba'in za mu sake magana." To na gaya miki.

Yau da asuba aka raɗa suna babu mai sunan, Hafizu. Ko waina ban ci ba Inna ta haɗa mini kayana, wani ɗan'uwansu ya kawo ni gida. A gaggawar har rulata na baro. Babanmu ya saurare ni har ƙarshe, ya ce na kyauta, sannan ya ce dole in koma in durƙusa in ba da haƙuri, don zaman Bahijja. Zan yi, tunda ya ce. Amma haƙurin me zan bayar? Wanda ya tsaya yana kallon ƙafarsa ba a ce ya ba kowa haƙuri ba. Wadda ta zubar da dakashi ba a ce mata komai ba. Sai ni da na ce a wanke hannu.

Don Allah ki gaya mini nauyinsa. Kuma an ce an sa shi ƙarƙashin wata fitila an rufe masa ido, yana jin zafi?

Ki huta lafiya.
Radiya

*

Kurugu
Asabar, 7 ga Satumba

Sista,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya. Na gode da saƙonki, na ji an sallame su, kuma Hafizu ya kama nono da kansa. Na yi sujada.

Na je na ba da haƙurin. Inna ta amsa, Baba bai ɗago ba.

Jiya Malam Sulle ya biyo ya kawo mini rulata, a naɗe cikin ƙyalle mai tsabta. Ya ce Baba Lado ne ya ba shi, ya ce a kai wa Malama Beli, bai ƙara komai ba. Na buɗe na ga an yi mata tsaga da aska, siririya, daidai kan bakwai da rabi. Ina jin ƙafar Hafizu ya auna da ita, ta ƙaru. Ya ɓata mini rula, kuma da ita zan shiga jarrabawa. Na kasa gane ko sulhu ne ko tuni yake yi mini cewa askar tana nan.

Saura kwana goma arba'in. Gobe za mu koma makaranta, ba a barin mu da waya, kuma ba zan kasance a tsakar gidan ba. Na rubuta wa Bahijja ta riƙe ƙullin zanin da kanta.

In ba zan dame ki ba, ina neman izini in sake rubuto miki.

Ɗalibarki, Radiya